Kircin Doki da Rigimar Sababi

A tsakiyar damina, wajen watan Agusta, idan an kwana biyu ana marka, mai kula da doki yakan shafa gadon bayan ingarma da safe ya ji wasu 'yan ƙululai a ƙarƙashin gashi tun ido bai gan su ba. In ya sa farce ya ɓamɓare ɗaya, sai ɓawon ya fito da ɗan curin gashi manne da juna, a ƙasa kuma ga fata ja, jiƙe, wani lokaci har da ɗan ruwan mugunya. Dokin zai karkaɗa fata ya ɗan noƙe, don akwai zafi, amma ba ya neman turke ya yi susa. Kafin mako ya zagayo abin ya bi kafaɗa da kuturi, duk inda ruwan sama ke sauka ya gangara.

Daga nan sai barga ta cika da masana. Wannan ya ce kirci ne. Wancan ya ce kanwa ce ta yi wa dokin ƙaranci. Wani ya tuna cewa tun ranar da aka ba da aron sirdi aka dawo da shi ne abin ya soma. Wani kuma ya rage murya ya ce baki ne, ai ranar kilisa an yi ta yaba dokin ba wanda ya ce tubarkalla. Can sai dattijon gida ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar zancen nan, yara. Ba a ɗaukar cuta. Allah ne ya kawo." Kowa ya yi shiru, domin ba mai musun cewa Allah ne ya kawo. Sai dai an tashi taron ba a san abin da za a shafa wa dokin ba, kuma ba a yanke shawarar raba shi da goɗiyar da ke ɗaure kusa da shi ba.

Maganar dattijon ba daga iska ya ɗauko ta ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya kore yaɗuwar cuta, sai wani Balaraben ƙauye ya kawo hujjarsa daga garke. Ya ce raƙuma sukan kasance a cikin rairayi lafiya lau, sai raƙumi mai ƙazuwa ya shigo cikinsu, duk su kamu. Annabi bai ce masa ƙarya yake yi ba. Tambaya ya mayar masa: shi raƙumin farko, wa ya sa masa? Abin sha'awa ne a ce muhawarar da malaman Musulunci suka shafe ɗaruruwan shekaru suna yi kan sababi da ƙaddara, ɗaya daga cikin tushenta ɓawon ƙurji ne a fatar dabba.

Kafin a shiga zauren malamai, ya kamata a tsaya a barga tukuna, don fatar doki tana da nata bayanin. Abin da aka siffanta a sama, kircin damina, wata bakteriya ce ke haddasa shi. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Van Saceghem ne ya fara bayaninta a shanun Kongo a 1915, shi ya sa sunanta na kimiyya, Dermatophilus congolensis, yake ɗauke da sunan ƙasar. Makiyaya sun san ɓarnarta a shanu fiye da yadda masu dawaki suka sani, don tana lalata ƙirgi, tana ramar da saniya, tana rage nono. Halinta kuwa abin lura ne. Tana iya zama a busasshen ɓawo wata da watanni ba ta motsa ba, tana kuma iya zama a jikin dabbar da ba ta nuna alamar komai. Ruwa ne ke tashinta. Da fata ta jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba, ƙwayoyin sai su farka su soma iyo suna neman kafa, kafar kuwa cizon ƙuda ne, ko na kaska, ko ƙarzunar ƙaya, ko wurin da majayi ya goge. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To a nan wanne ne sababin? Ƙwayar ce, ko ruwan, ko ƙudan, ko mai dokin da ya bar shi a turke ba rumfa? A shanu ma lissafin ya fi haka tsawo. Akwai wata babbar kaska mai zanen ado a baya wadda masu bincike suka gano cewa inda ta yi yawa, kirci yakan yi tsanani, har a sassan jikin da ba ta ciza ba, saboda yawunta yana raunana garkuwar jikin dabbar. An kwashi wannan kaskar tare da shanu daga Afirka ta Yamma zuwa tsibiran Karebiyan, kuma tsibiran da ta bazu a cikinsu sun sha fama da mugun kirci. Sababi yana da sababi a bayansa, shi ma yana da nasa.

Makero daban ne, ko da yake a farkonsa ido yakan ruɗe. Shi dangin hunhuna ne ke kawo shi, yana cin gashi da saman fata, sai a ga gashi ya zube a zagaye, wurin ya yi fari-fari da ɓawo mai laushi. Ya fi son inda kayan hawa ke taɓawa: ƙarƙashin majayi, wurin zubka, gefen fuska inda ragama ke bi. Shi ne babban abokin aron kaya. Lokacin hawan sallah, idan dawakin hakimai da na 'yan kasuwa suka taru daga gari-gari, ana musayar jalala da burushi da tsumman goge jiki, wanda ya zo da makero sai ya raba wa jama'a. Alamar ba ta fitowa sai bayan mako ɗaya zuwa huɗu, lokacin an watse, an manta da wa aka haɗa kaya. Yana kama yaron da ke wanke dokin ma.

Ƙazuwa kuwa, wadda Balaraben nan ya yi ƙorafi a kanta, aikin wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin kaska. Ana gane ta da ƙaiƙayi: doki ya hana kansa cin harawa yana goga jiki a bango har jini. Iri-iri ce. Akwai mai haƙa rami a cikin fata, akwai mai zama a gindin geza da wutsiya, akwai mai tarewa a ƙafafu, ka ji doki yana buga kofato a ƙasa da tsakar dare. Ƙwarƙwata ma tana sa susa, musamman ga ramammen doki a lokacin sanyi.

Sauran kuma ba ruwansu da yaɗuwa ko kaɗan. Akwai dokin da jininsa ba ya jure cizon wasu ƙananan ƙudaje masu fitowa da magariba, ya soshe geza da gindin wutsiya duk damina, alhali na kusa da shi ana cizonsa bai damu ba. Akwai danda mai farar fata a hanci da ƙafa wanda rana ke ƙonawa har ya yi ɓawo, wani lokaci don ya ci wata ciyawa, wani lokaci don hantarsa ta lalace, kuma shaidar hakan ita ce ciwon yakan tsaya cak a iyakar farin. Akwai mikin sirdi, wanda sababinsa sirdi ne kawai da gangancin mahayi. Ke nan tambayar ko cuta tana yaɗuwa ba ta da amsa guda a barga. Wata tana yaɗuwa ta tsumma, wata sai da ruwa, wata ko an haɗa dawaki ɗari ba za ta tsallaka ba.

Malaman hadisi sun ga irin wannan sarƙaƙiyar a cikin nassi tun da wuri. Abu Huraira ɗin da ya ruwaito kore yaɗuwa, shi ne ya ruwaito hanin kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Muslim ya kawo wani ɗan labari mai daɗin ji: daga baya Abu Huraira ya daina faɗin hadisin farko ya riƙe na biyu, wani ɗan uwansa ya matsa masa da tambaya har ya fusata ya yi masa magana da harshen Habasha. Abu Salama, wanda ya ba da labarin, ya ce bai sani ba ko mantuwa ce ko kuwa ɗayan ne ya shafe ɗayan. Ga kuma hadisin da ke umarni da nisantar kuturu. Dole aka nemi hanyar sulhu.

Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya ce abin da aka kore shi ne aƙidar jahiliyya cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta. Amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sababi, sababin kuma yana iya ci, yana iya ƙi. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 1449 kuma ya binne 'ya'yansa mata a annobar Masar, bai gamsu da haka ba. A wurinsa korewar tana nan a kan faɗinta, hanin kuma toshe ƙofa ce, don kada mutum ya cuɗanya, Allah ya ƙaddara masa ciwo, ya zaci ɗauka ya yi, imaninsa ya gurɓata. A can Andalus, bayan annobar 1348, wazirin Garnaɗa Ibnul Khaɗib ya tsaya a ɗaya gefen da ƙarfi. Ya ce gani da ido ya tabbatar da yaɗuwa, ya kawo misalin tufafi da ƙorai da jiragen ruwan da ke shigo da ciwo tashar da take lafiya, da mutanen da suka keɓe suka tsira, ya ce nassin da ya ci karo da abin da ido ya tabbatar sai a yi masa tawili.

Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne, duk su ukun, in aka kai su barga, umarni ɗaya za su bayar: a raba dokin nan da sauran. Saɓaninsu yana kan abin da zuciya za ta ƙudurce ne, ba kan inda za a kafa turke ba. Dattijon da ya rufe zancen ya ɗauki rabin maganar Ibnu Hajar ya bar rabin.

Ra'ayin Ibnus Salah ya fi dacewa da abin da fatar doki ke nunawa, kuma ya fi dacewa da tauhidin da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya koyar da abin da ake kira hukuncin al'ada: alaƙar da ake gani tsakanin abu biyu saboda maimaituwa, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, tare da cewa alaƙar tana iya saɓawa kuma mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne. Wannan koyarwar ba ta ce alaƙar babu ita ba. Cewa ta yi al'ada ce da Allah ya gudanar, al'ada kuwa ana koyonta. Wanda ya san cewa marka da rashin rumfa suna tafe da kirci, sanin wani yanki ya yi na yadda Allah ke tafiyar da halittarsa. Kuma ga dawaki biyu a ruwa ɗaya, turke kusa da turke, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Likita zai ce bambancin garkuwar jiki ne, malami zai ce sababi ne ya saɓa. Ba su yi faɗa ba.

Sayyidina Umar ya yi wannan bayanin da misalin kiwo. Muwaɗɗa ta kawo labarin tafiyarsa zuwa Sham lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, inda ya tsaya a Sarg ya yi shawara ya yanke komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddara ake gudu zuwa ƙaddara, ya tambaye shi: mai raƙuman da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ashe duk gefen da ya kora su ba da ƙaddarar Allah ya kora ba? Nan ne raunin amsar dattijon yake. Cewa Allah ne ya kawo gaskiya ce a kan kirci, gaskiya ce a kan makero, gaskiya ce a kan mikin sirdi, gaskiya ce kuma a kan warkewa. Tun da ta hau kan dukkansu daidai wa daida, ba za ta iya bambance su ba. Amsa ce ga tambayar wa, alhali yaran barga tambayar yaya suke yi.

Sai dai masu ɗokin sababi su ma suna da nasu ramin, kuma a nan Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, yake da amfani ga likitan dabbobi fiye da yadda ake zato. A littafinsa na raddi ga masana falsafa ya kawo misalin auduga da wuta, ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta faru a lokacin haɗuwarsu, ido bai ga cewa wutar ce ta aikata ba. A ajiye zurfin maganar a gefe, a dubi baƙin mai. Mutane da yawa sukan shafa wa doki mai kirci tsohon man inji, su rantse cewa yana aiki. Yaushe aka shafa? Wajen ƙarshen Satumba, da abin ya ishi kowa. Yaushe ya warke? A Nuwamba. To ai kircin damina, idan bai yi tsanani ba, da fata ta bushe yakan kama hanyarsa ko ba a shafa komai ba. Makero ma yakan mutu da kansa cikin wata ɗaya zuwa uku. Rani ya yi aiki, baƙin mai ya karɓi yabo, dokin kuma ya sha ƙunar fata ya lashi guba. Haka rubutun sha da turaren da aka yi don baki za su karɓi yabon idan su aka yi a wannan makon. Addu'a tana da matsayinta da ba mai taɓawa, kuma kambun baka hadisi ya tabbatar da shi, amma wanda ya ce baki ne tun bai ɗaga zubka ya duba ba, zargin maƙwabci ya yi ba tare da hujja ba.

Ibnu Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya mayar wa Gazali martani da cewa wanda ya soke sababi ya soke ilimi, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. Tarihin ƙazuwa ya nuna wahalar wannan sanin. Larabawa sun daɗe suna ware raƙumi mai ƙazuwa suna shafe shi da kwalta, ba tare da sun san abin da suke kashewa ba. Likitan Andalus Ibnu Zuhr, wanda ya rasu a 1162, ya siffanta wata 'yar halitta da ke fitowa daga ƙarƙashin fata wadda da ƙyar ido ke ganinta. A 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka duba ƙwaron a madubin likita suka ce shi ne mai laifin. Likitocin Turai suka yi biris, suka ci gaba da cewa gurɓacewar jini ce, har sai 1834 da wani ɗalibi ɗan tsibirin Kosika mai suna Renucci ya zaƙulo ƙwaron da allura a gaban malamansa a Faris, dabarar da ya gani wurin matan garinsu. Kusan shekara 150 ana musu a kan abin da tsofaffin mata ke cirewa da allura.

Yau aikin ya yi sauƙi, kuma shi ya sa uzurin ya ragu. Likitan dabbobi yakan kankare gefen ciwon da reza har ya ɗan yi ja, ya ɗora a gilashi ya nemi ƙwaron ƙazuwa. Yakan jiƙa ɓawon kirci ya murza, ya rina, ya ga ƙwayoyin a jere layi-layi, siffar da ba a cika ruɗa ta da wata ba. Makero ne mai jan rai, don shukar gashin a ɗakin gwaji takan ɗauki mako biyu ko uku. Asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da cibiyar bincike ta Vom, wadda take can tun 1924, duk suna irin wannan aikin. Amfanin gwajin a fili yake. Ibamektin, maganin da ya shiga kasuwa a 1981 har masu gano shi suka sami kyautar Nobel a 2015, yana kashe ƙwaron ƙazuwa mai shiga fata, bai cika cin na ƙafa ba, kuma ba ya yi wa kirci ko makero komai. Kirci yana son a jiƙa ɓawon a cire a hankali, a wanke da aidin, a busar, a ƙone ɓawon kada a bar shi a ƙasa, in ya yi tsanani a yi allurar penisilin. Hadisin Jabir da ke cikin Muslim ya ɗaure warkewa da sharaɗi, cewa idan magani ya dace da cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewa ba ta samuwa sai an san cutar.

Akwai kuma batun haƙƙi. Mutum baligi yana iya zaɓar haƙuri da ciwonsa, ya ƙi magani, malamai su yi ta tattauna ko hakan tawakkali ne. Doki bai zaɓi komai ba. An ɗaure shi a turke, ba ya iya neman inuwa, ba ya iya cewa majayin nan yana ci na. Fiƙihu ya ɗora wa mai dabba ciyar da ita da shayar da ita, ya hana a ɗora mata abin da ba ta iyawa, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare sananne ne ga kowane ɗalibi. Wanda ya ɗaura sirdi a kan ɗanyen miki don kada hawa ya wuce shi, ya rufe da jalala mai ado, ba tawakkali ya yi da jikinsa ba, da jikin wani ya yi.

Duk da haka akwai dokin da zai ƙure kowa. An kankare ba a ga ƙwaro ba, an shuka gashi bai tsiro da komai ba, an yi penisilin, rani ya shigo, ɓawo sai ƙaruwa yake daga fuska zuwa ƙafafu, wani lokaci da kumburi da zazzaɓi. Idan aka yanki 'yar fata aka kai ɗakin gwaji, akan tarar garkuwar jikin dokin ce ta juya tana yaƙar abin da ke riƙe ƙwayoyin fatarsa da juna. Ba a san takamaiman abin da ke tayar da ita a yawancin dawakin da ta kama ba. Ba daga wani doki ya ɗauka ba, ba kuma zai sa wa wani ba, don haka raba turke ba ya ƙara komai. Maganinsa sitiroyid ne na tsawon watanni, wani dokin har ƙarshen rayuwarsa, wato maganin da in aka ba doki mai makero ko kirci bisa kuskure, sai ciwon ya ƙara bazuwa.